Babi na 6: Aman Rana da Tafiyarsa Zuwa Duniya

Darasi na 1

'Yan uwa, a karanta a hankali, babu gaggawa. Rana ba dutse ba ce, dunƙulen gas ce mai tsananin zafi, kuma tana da ƙarfin maganaɗisu. Ƙugunta ya fi samanta da ƙasanta saurin juyawa, shi ya sa layukan maganaɗisun suke murɗewa kamar igiya. In murɗar ta yi yawa sai su tsinke, rana ta amayar da ƙaton gajimare na gas mai cajin lantarki, wanda nauyinsa kan kai tan biliyan 1. Wannan shi ne aman rana.

Darasi na 2

Nan ne kowa ke tuntuɓe, kada ku karaya. Sau da yawa aman yakan zo tare da walƙiya, wato haske mai ƙarfi da ke tashi farat ɗaya daga jikin rana. Walƙiya daban, amai daban. Tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne. Walƙiya haske ce, cikin minti 8 ta iso. Amai kuwa abu ne mai nauyi, yawanci sai ya yi kwana 1 zuwa 3 a hanya. Mafi saurinsa, mai gudun kusan kilomita 3,000 a daƙiƙa, yakan ɗauki awa 15 zuwa 18.

A sake faɗa: walƙiya minti 8, amai kwanaki. Madalla. A rubuta a littafi. Wanne ke fara isowa? Walƙiya. Wanne ke biyowa baya? Amai. Haba jama'a, kullum sai an sami mai rubuta cewa amai na isowa cikin minti 8! Wanda bai riƙe wannan ba kada ya buɗe shafi na gaba. Walƙiya minti 8, amai kwanaki.

Darasi na 3

Gajimaren yana ƙara faɗi yayin da yake tafiya. A hanya yana tarar da iskar rana, wato gas mai cajin lantarki da ke kwarara daga rana a kullum, mai gudun kimanin kilomita 400 a daƙiƙa. In ya fi ta sauri takan rage masa gudu, in bai kai ta ba takan tura shi. Ba kowane amai ne ke nufo duniya ba.

Darasi na 4

In ya iso yakan girgiza maganaɗisun duniya. A 1859 ya rikita wayoyin tangaraho. A watan Maris na 1989 ya ɗauke wutar lantarkin lardin Kwibek na Kanada har awa 9.

Darasi na 5

Kumbon SOHO, da aka harba a 1995, yana ɗaukar hoton aman. A sake karanta darasi na 2.