Kurakuran kalmar sirri da na gaji da gyara wa mutane

Wallahi na gaji. Duk wanda aka shigar masa asusu a dangi ko a layinmu ni ake miƙo wa waya, "don Allah duba min, an yi min kutse." Tun ban tambaya ba mutum zai fara karanto min kalmar sirrinsa, ni kuwa kafin ya ƙarasa na san ƙarshenta: sunansa ko na 'yarsa, baƙin farko babba, sai @, sai 123 ko shekarar haihuwa. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, gobe wanda ya zo in tura masa ya karanta in huta.

Na san abin da ban haushi. Kana sauri za ka cike fom, data na zurarewa, ka sa kalmarka jan rubutu ya fito wai sai ta kai baƙaƙe 8, ka ƙara, wai sai da babban baƙi, ka gyara, wai sai da lamba, sai da alama, ka sa alamar ya ce ba irin wannan ba, ka zo akwati na biyu ka maimaita ya ce ba su yi daidai ba alhali ɗige-ɗige kawai kake gani, ba ka ma san inda yatsanka ya zame ba. A nan kowa ke cewa kai, a bar ni da Musa@123 in wuce wurin. Shafin ya nuna maka kore, ya ce ta yi ƙarfi, ka tafi hankali kwance.

To yarda da koren nan shi ne kuskuren farko. Ma'aunin da ke shafuka da yawa kamar mai gadin da hula kawai yake dubawa ne, in akwai hula a kanka ka wuce ko kai waye. Ya ga babban baƙi, ya ga lamba, ya ga alama, shi ke nan.

Kuma sharuɗɗan nan ba daga sama suka faɗo ba. A 2003 wani ma'aikacin NIST, hukumar da ke tsara ƙa'idojin fasaha a Amurka, mai suna Bill Burr, ya rubuta takardar shawara cewa a riƙa cakuɗa manyan baƙaƙe da lambobi da alamomi, a kuma riƙa canzawa a kai a kai. Kamfanoni da bankuna da jami'o'i suka kwafa. A 2017, bayan ya yi ritaya, shi da kansa ya faɗa wa jaridar Wall Street Journal cewa yana nadamar yawancin abin da ya rubuta. A shekarar ce NIST ta sake ƙa'ida: a daina tilasta cakuɗe-cakuɗen, a daina tilasta canji sai in akwai alamar an sace kalmar, a bar mutum ya sa doguwa har baƙaƙe 64, kuma shafi ya ƙi karɓar wadda ta riga ta fallasa. Mai abin ya janye, amma shafuka bila adadin har yau suna kan tsohon karatu.

Mai kutse ba zama yake yana canka da yatsa ba. Jeri gare shi. A 2009 an fasa wani kamfani mai suna RockYou aka kwashe kalmomin sirri kusan miliyan 32 a fili, kuma har yau da jerin nan da ire-irensa ake fara gwaji. Manhajar da suke amfani da ita ta san duk dabarunku, ta san za ka mayar da a ta koma @, o ta koma 0, ta san babban baƙin yana farko, lambar tana ƙarshe. A 2019 hukumar tsaron intanet ta Birtaniya, NCSC, ta ce 123456 ta bayyana sau miliyan 23.2 a asusun da aka fasa, kuma cikin sunayen ƙungiyoyin ƙwallo liverpool ce a gaba, sai chelsea, sai arsenal. 'Yan gidan kallo kun ji dai.

Ni abin da nake yi, kalmomi huɗu ko biyar na Hausa da babu abin da ya haɗa su nake jerawa, misali tukunya, jirgi, damina, barkono, in shafin ya nace sai in maƙala masa lamba da alama a tsakiya ya bar ni. Tsawo shi ne maganar, don kowane ƙaramin baƙi ɗaya da ka ƙara yana ninka aikin mai gwaji sau 26. Amma ban da karin magana, ban da aya, ban da baitin waƙa, duk abin da wani zai iya ƙarasa maka in ka fara, bai yi ba. Kuma don girman Allah kar wani ya je ya sa misalin nan nawa.

Yanzu ga wanda ya fi ƙona min rai, don shi ne ya ci min kuɗi da mutunci: kalma ɗaya a ko'ina.

Ina da wata kalma da nake ji da ita, doguwa, ga alamomi, kowane shafi kore yake ba ta. Saboda ta yi kyau sai na sa ta a imel, na sa ta a shafin da nake tallar kaya, na sa ta a wani ɗan ƙaramin shafin neman aiki da na yi rijista sau ɗaya na manta da shi. Wannan ɗan shafin aka fasa. Ba wanda ya sha wahalar canka komai, imel ɗina da kalmata suna zaune gefe da gefe a jeri, gwadawa kawai suka yi a ƙofar imel ta buɗe. Daga imel kuwa komai ya zama nasu, don duk shafin da ka danna "na manta kalmar sirri" can yake aiko da hanyar sakewa. Na tashi da asuba na tarar an fitar da ni daga ko'ina, ana ta tura wa kwastomomina da 'yan'uwa saƙo da sunana da hotona cewa ina asibiti a taimaka. Gwaggona, baiwar Allah, ba ta ma kira ba, ta aiki yaro wajen mai POS ya tura kuɗin adashinta. Da na je gidan ba faɗa ta yi ba, cewa ta yi "ai tunda lafiyarka ƙalau alhamdulillahi, ɗan nan," kuma wannan ya fi zagi ciwo. Na biya ta, na biya wasu kwastomomin, wasu har yau kallon ɗan damfara suke min.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji mutum na cewa "ai tawa mai ƙarfi ce." Ƙarfin me? In ka ba wa shafi goma kalma ɗaya, tsaronka ya koma daidai da na wanda ya fi lalacewa a cikinsu. Kuma ba talaka kaɗai ba. An fasa LinkedIn, shafin ma'aikata da masu neman aiki, a 2012, a 2016 bayanan asusu sama da miliyan 100 suka fito kasuwa, a shekarar aka shiga asusun Twitter da Pinterest na Mark Zuckerberg, masu kutsen suka ce a jerin LinkedIn suka samu kalmarsa, wai dadada. Mai Facebook guda! Kuma Musa@123fb da Musa@123ig ba kalma biyu ba ne, kar ka ruɗi kanka, wanda ya ga ɗaya ya ga ɗayar.

Maganina ba kowa zai yarda da shi ba. Manyan guda uku, imel da banki da shafin kasuwa, kowanne da tasa, kuma a ɗan littafi na rubuta su da biro, yana cikin akwatin da nake ajiye takardun makaranta, a kulle. Na san akwai masu cewa haramun ne a rubuta a takarda. Ni dai ɓarawon da ke wata ƙasa ya fi ba ni tsoro a kan wanda zai fasa akwatina. In gidanku gidan yawa ne kowa na buɗe kayan kowa, to wannan ba taka ba ce. Sauran tarkacen shafuka kuwa ma'ajiyar kalmomin sirri ta Google da ke cikin waya nake bari ta ƙirƙira ta adana, ban ma san su ba. Sannan ka je Have I Been Pwned, shafin da wani masanin tsaron intanet mai suna Troy Hunt ya buɗe a 2013, ka sa imel ɗinka kyauta ya nuna maka ko yana cikin bayanan da aka taɓa sacewa.

Sai ku masu zuwa kafe ko shagon waya a buɗe muku imel. Haba jama'a! Yaron shago ya buɗe maka, ya zaɓa maka kalma, yawanci lambar wayarka ce ko wata guda ɗaya da yake sa wa kowa don kar ya manta, wani ma lambarsa yake sawa a wurin lambar dawo da asusu, kai kuma ka karɓi waya ka ce na gode ka tafi. Da imel ɗin za ka yi rijistar jarrabawa, da shi za ka nemi aiki, ranar da waya ta faɗi ko aka sace sai ka zo min kana cewa ba ka taɓa sanin akwai wata kalmar sirri ba, yaron kuma ya bar garin. Ba laifi a taimaka maka, amma kafin ka tashi daga kan bencin ka karɓi wayar ka canza kalmar da hannunka, ka duba lambar da ke ciki taka ce. Kuma layin da ke raye, don kamfanonin waya suna sake sayar da layin da aka daɗe ba a amfani da shi, wanda ya saya shi zai riƙa karɓar lambobin tabbatarwarka.

Sauran ƙanana ne, a gurguje.

Lambar da aka turo maka ta saƙo, ta banki ko ta WhatsApp mai lamba 6, ba a karanta wa kowa, ko da ya kira ya ce daga banki yake ko shi ne shugaban guruf ɗinku. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato ƙarin makulli na biyu kafin a shiga asusunka, a WhatsApp da imel yau, minti biyu ne.

Shekarar haihuwa a matsayin PIN na kati, alhali katin shaidarka na cikin walat ɗaya da shi. A'a.

Ajiye PIN a jerin lambobin waya da suna "ATM". Na gani da idona, ba sau ɗaya ba.

Canza kalma duk wata ba dalili, ni ba na yi, don ƙarshenta daga Musa1 ake komawa Musa2. In wurin aikinku sun tilasta, ba yadda za ka yi, amma ko Microsoft ta cire wannan daga shawarwarinta na Windows tun 2019.

Tambayar tsaro irin su sunan mahaifiyarka ko garin da aka haife ka, duk unguwa ta san amsar, ƙarya nake ba su in rubuta ƙaryar a littafin nan.

Sai baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Wasu na sa su suna ganin dabara ce tunda Bature bai san su ba. Wasu shafukan ba sa karɓa, wasu su karɓa a waya, ranar da ka zauna gaban kwamfutar kafe ko ta ofis ka nemi ƙ a madannai ka rasa, ka kulle kanka da kanka. Ni k da d da b nake sawa kawai, in ƙara kalma ɗaya a kai.