Darasi na Tara: Neman Ƙullutun Itace a Lambu

Duk wanda ya saba shiga lambu ya taɓa ganin bishiyar da ta yi ƙullutu a gindi ko a jikin reshe. Wani girmansa bai wuce dunƙulen hannu ba, wani kuwa sai mutum biyu sun kama. Ɓawonsa kaushi gare shi, wani lokaci da 'yan tsiro cunkus a kai. Mai faskare ba ya ƙaunarsa, domin gatari ba ya tsaga shi. Shi ya sa za ka ga an ture shi gefe, a ƙarshe ya tafi gidan burodi ko ramin gawayi.

Masassaƙi kuwa, musamman mai aiki da injin da ke juya itace, wannan ne naman wajensa. Jijiyoyin itace a miƙe suke tafiya, amma a cikin ƙullutu sun murɗe sun sarƙe. Idan aka fafe shi aka goge, sai zane ya fito, da 'yan idanu birjik, kuma ba za ka sami guda biyu iri ɗaya ba. Ana yin akushi da shi, da kwanon goro, da kan sanda, da ƙotar wuƙa, har da 'ya'yan carbi.

Me ke kawo ƙullutu?

A ƙarƙashin ɓawo akwai wata 'yar fata mai danshi, ita ce ke ƙara wa bishiya kauri. Idan ta ji ciwo, girman sai ya rikice. Ciwon na iya zuwa daga sara, ko wuta, ko ƙwari, ko cuta. A nan wajenmu Katsina har da masu ɗibar sassaƙe don magani, da makiyayan da ke sare reshe wuri ɗaya kowace shekara. Idanun tsiro da yawa su taso a wurin, su kasa zama rassa, itace ya bi ya rufe su, wasu su sake tasowa. Haka abin ke taruwa shekara da shekaru.

Wurin aure, wato inda aka haɗa reshen wata bishiya a jikin wata, ma yakan kumbura. A jihar Kalifoniya ta Amurka ana aura wa bishiyar walnot ta gida reshen wata walnot mai 'ya'ya masu kyau. Idan gonar ta tsufa aka tumɓuke, kumburin gindin ne ke da tsada, har ana yanka shi falle-falle a ƙawata cikin manyan motoci. Saboda haka in ka ji za a cire tsohon mangwaro ɗan aure ko lemu, fara duba gindi.

Ba kowane kumburi ne ke da amfani ba. Ƙwanƙwasa shi da bayan gatari. In ya yi ƙara kamar ganga, cikinsa kogo ne. Caka masa ƙusa. In ta shige ba gardama, ya ruɓe ko kuwa cuta ce kawai mai laushi. Kumburin da kauci ke bari a reshe ƙarami ne, amma yakan isa kan sanda. Giginya da goruba da dabino kada ka wahalar da kanka, su ba sa yin irin wannan ƙullutu.

Bishiyoyin da za ka duba

Mangwaro ya fi samuwa, kuma yana da sauƙin aiki. Aibinsa biyu: ƙwari na son shi, kuma in ya daɗe da danshi sai ya yi baƙin tabo. Gwaiba ba ta kauri, amma itacenta na da tauri da santsi, ta dace da ƙananan kaya. Lemu fari ne mai ɗan rawaya, yana ɗaukar guga. Magarya ja-ja ce mai ƙarfi. Tsamiya kuwa zuciyarta tauri ne da ita, sai ka yi ta wasa ƙarfe, amma in ka jure za ka ga launin da ya biya wahala. Kanya ma haka.

Ruwan jikin kashu da na mangwaro yana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da ƙuraje. Sa riga mai dogon hannu, ka wanke jiki da sabulu bayan aiki.

Kaɗanya da ɗorawa abincin gida ne, daga man kaɗe har daddawa. Waɗannan sai dai in iska ta kayar ko sun mutu da kansu.

Daga wace bishiya?

A nan ne darasin ya fi nauyi. Ba a yanke ƙullutu daga jikin bishiya mai rai. Ƙullutun ba ya hana ta 'ya'ya, tana iya shekaru da shi lafiya lau. Amma in ka yanke, ka bar mata babban rauni wanda ɓawo ba zai iya rufewa ba. Ruwa ya shiga, gara ta bi, bayan 'yan shekaru bishiya ta tafi. A garin Sawira na ƙasar Maroko masassaƙa sun yi suna da ƙullutun saiwar wata bishiya mai ƙamshi. Yawan tono ya sa bishiyar ta yi ƙaranci, har hukuma ta sa mata ido. Mu kuwa da ke bakin hamada, Katsina na cikin jihohi 11 na Najeriya da ake aikin Babbar Ganuwar Itatuwa a cikinsu, wato dashen itatuwa don tare hamada. Wanda ya kashe mangwaro mai shekara 30 don akushi ɗaya ya yi asara, ko nawa ya sayar.

Abin da za ka nema shi ne itacen da dama saransa za a yi. Kuma yana da yawa in ka san lokaci. Masu lambu kan rage rassa bayan mangwaro ya ƙare, kafin damina ta zauna. Iskar farkon damina kan kayar da tsofaffin bishiyoyi. Ma'aikatan lantarki kan datse rassan da suka kai waya. Akwai kuma lambunan bakin gari da ake yankawa filaye, abin ba daɗin gani, amma tunda za a tumɓuke, gara gindin ya zo hannunka da ya zama toka. Zagaya lambunan da ke kusa da madatsun ruwa irin su Ajiwa da Jibiya da Zobe, ko Sabke da Daberam in kana ƙasar Daura. Ka saba da masu injin yankan itace da masu sayar da itacen wuta. Su ne ke fara jin labari.

Kafin ka taɓa komai, san mai bishiya. A ƙasar Hausa gona kan zama ta wani, bishiyar cikinta ta wani, ko ta 'yan gado da yawa. In ka yi shakka, tambayi mai unguwa. In kuwa bishiya ce sukutum za a kayar, ko a gefen hanya take, ko a dajin gwamnati, je ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma tukuna.

Karanta wannan hira da ƙarfi, mutum biyu-biyu.

"Salamu alaikum, Baba. Sannu da aiki."

"Wa alaikumus salam. Sannu kadai, samari. Lafiya?"

"Lafiya lau. Na ji an ce za ku rage rassan mangwaron nan na gabas."

"Ranar Asabar in Allah ya kai mu. Amma iccen na riga na yi wa mai burodi alkawari."

"Ba duka nake so ba, Baba. Wancan reshe mai ƙullutu kaɗai."

"Wannan da ko faskaruwa ba ya yi? Me za ka yi da shi?"

"Akushi nake sassaƙawa. Zan biya fiye da kuɗin iccen wuta. Roƙona ɗaya, kada a sa masa gatari kafin in zo."

"To, ka zo da sassafe. In rana ta yi, yaran nan ba su jiran kowa."

"Na gode, Baba. Ga lambar wayata, ko baɗi aka samu wani."

Lura da cewa saurayin bai ɓoye abin da zai yi da itacen ba. Wasu kan ce na wuta suke so don su samu da araha. Ranar da mai lambu ya ga akushin a kasuwa, ƙofar ta rufe ke nan.

Yadda ake yanka

Yi amfani da zarto ko inji. Gatari na girgiza itace, ya bar tsaga a ciki wadda ba ka gani sai aiki ya yi nisa. Kada a yanka dab da ƙullutun. A bar taƙi ɗaya na reshen ta sama, taƙi ɗaya ta ƙasa. Tsagewa daga baki take farawa, wannan rarar ita za ta sha wahalar, daga baya ka yanke ta ka yar.

In ƙullutun ya zagaye reshen, a raba reshen biyu ta tsakiya, a fitar da ɓargon, wato tsakiyar itacen. Daga ɓargo tsaga ke tashi. In a gindi yake, tone ƙasar kewaye, ka wanke shi da ruwa da burushi. Bishiyar lambu takan haɗiye ƙusa da waya da tsakuwa, musamman wadda aka taɓa ɗaura wa shinge. Ƙusa ɗaya ta isa ta lalata haƙoran zarto.

Ranar farko

Ɗanyen itace cike yake da ruwa, wani kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Ruwan ya fi fita ta inda aka yanka. In baki ya bushe ya tsuke alhali ciki na jiƙe, sai itace ya tsage. A Katsina, lokacin hunturu da bazara, wannan kan faru cikin yini ɗaya. Saboda haka kada ka kwana ba ka toshe wurin yankan ba. Narka kakin zuma ko kyandir ka shafa. In babu, farin gam na kafinta ya yi, ko ragowar fentin mai, shafi biyu. Kada ka sa baƙin man mota. Yana shiga cikin itace ya ɓata launi, kuma ba a cin abinci a irin wannan kwano.

Mangwaro a ɓare masa ɓawo saboda ƙwari, sannan a shafe jikin duka. A ajiye a inuwa, inda iska ba ta bugawa kai tsaye. A ɗora kan bulo ko duwatsu, kada ya taɓa ƙasa ko bangon laka. In ka ga garin itace mai laushi na zubowa daga 'yan huji, ƙwari sun shiga. Ware shi daga sauran, ka yi aikinsa da wuri.

Bushewa

Masassaƙan ƙasashen sanyi na lissafin shekara ɗaya ga kowane inci ɗaya na kauri. A nan ya fi haka sauri, amma babban ƙullutu sukutum zai ci shekaru kafin cikinsa ya bushe. Dabarar ita ce a yi aikin sau biyu. Tun yana ɗanye a fafe shi sama-sama, a bar bangon da kauri: kashi ɗaya cikin goma na faɗin kwanon. In faɗin inci 10 ne, a bar kauri inci 1. In inci 15 ne, a bar inci 1 da rabi. Kwanon zai ɗan karkace yayin bushewa, kaurin nan ne zai ba ka damar daidaita shi daga baya.

Sa shi a buhun takarda ko kwali tare da ɓarɓashinsa. Leda ba ta yi, tana riƙe gumi sai ya yi fumfuna.

Ga inda karatunka zai yi maka rana. Rubuta a gindin kwanon sunan bishiya da ranar da aka yanka. Ka sami ɗan littafi. Duk bayan mako biyu ɗora kwanon a sikeli ka rubuta nauyi. Da farko zai riƙa raguwa sosai, daga baya kaɗan-kaɗan. In ka auna sau uku a jere nauyin bai canja ba, ya bushe. Kada hannu ya ruɗe ka, waje kan ji a bushe ciki na da saura.

A kan inji

Ƙullutu ba ya da daidaito, gefe ɗaya ya fi nauyi. Rage masa kusurwoyi da gizago ko zarto kafin ka ɗaura. Juya shi da hannu ka tabbata bai taɓa komai ba. Fara da gudu mafi ƙanƙanta, ka tsaya gefe lokacin kunnawa, kada ka tsaya saitinsa. In inji na rawa, kashe. Sa abin kare fuska da takunkumi, ka naɗe hannun riga, babbar riga kuwa a rataye ta. Riƙa tsayawa kana dubawa, domin a cikin ƙullutu akan tarar da ɓawo ko rami, kuma nan ne gutsure ke ɓallewa ya yi tsalle. Ƙaramin rami ana cike shi da gam da garin itacen. Kwanon da za a ci abinci a ciki, kakin zuma ya ishe shi bayan guga.

Wanda ba ya da inji, ko wuta ta hana, gizago da magagari na yin aikin. Sai dai a riƙa sara kaɗan-kaɗan, ana sauya gefe duk inda jijiyar ta juya.

Aikin yi

Amsa a littafinka. Me ya sa ba a yanke ƙullutu daga bishiya mai rai? Kwano mai faɗin inci 20, kauri nawa za a bar masa a fafewar farko? An auna ɗanyen kwano kilo 4, bayan wata shida ya tsaya a kilo 2 da rabi. Nauyin ruwa nawa ya fita?

Kafin darasi na gaba, zagaya lambu ɗaya ko wurin masu itacen wuta a unguwarku. Rubuta sunan bishiyar da ka ga ƙullutu a jikinta, da inda take, da ko tana tsaye ko an sare.