Yadda ake gano asalin sunan zuri'ar Ingila da ba a cika jin sa ba

A nan Damagaram, idan aka ce wa mutum Maƙeri, ko Bakano, ko Dogo, an san sana'arsa, ko garinsu, ko siffarsa ake nufi. Sunayen zuri'a na Ingila ma haka suka faro, sai dai su sun zama gado tsakanin shekarar 1066, da Normawa daga arewacin Faransa suka ci ƙasar, zuwa wajen 1400. Saboda haka ka fara da rarraba sunan gaɓa-gaɓa. Richardson, sunan Baturen da ya sauka a Zinder a 1851, na nufin ɗan Richard. Arkwright kuwa, wanda ba shi da yawa, ya haɗa kalmar akwati da ta masassaƙi, wato mai sassaƙa akwatuna.

Ma'ana kaɗai ba ta isa ba, kuma a ganina nan ne masu bincike suka fi yin gaggawa. Ka tattara duk hanyoyin da aka taɓa rubuta sunan, domin limaman coci da magatakarda na dā suna rubuta abin da kunnensu ya ji ne, kamar dai yadda sunan mutum ɗaya yake zama Mamman a wata takarda, Mamane a wata.

Daga nan sai ka bi takardu da baya-baya. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati ta fara a 1837, kuma jerin sunayenta yana shafin intanet na FreeBMD kyauta. Ƙidayar jama'a ta 1881 za ta nuna maka gundumar da masu sunan suka fi taruwa, abin da ke da muhimmanci ƙwarai, domin sunan da ba shi da yawa sau da dama daga yanki ɗaya ya fito, kamar yadda Arkwright ya fi ƙarfi a gundumar Lancashire. Idan ka gano gundumar, ka koma ga littattafan baftisma da aure da jana'iza na coci-cocinta, waɗanda aka ba da umarnin buɗewa a 1538, sannan ga takardun harajin kai na 1377 zuwa 1381.

Ka yi hattara da masu sayar da tambarin zuri'a a intanet. A dokar Ingila mutum guda ake ba tambari, magadansa su gaje shi, ba duk mai amsa sunan ba.