Yadda ake ba da labarin Littafi Mai Tsarki da baka a ƙauye

Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932, amma fa har yau akwai ƙauyukan da in ka buɗe shi kana karantawa, kafin ka kai aya ta 5 rabin mutane sun fara gyangyaɗi. Ba ƙin maganar suka yi ba, su mutanen ji ne, da kunne suka riƙe tarihin kakanninsu. To kai mai bishara, ko EMS, ƙungiyar masu bishara ta ikilisiyar ECWA, ce ta turo ka ko ikilisiyarku ce, ka sa labarin a ka tukuna, littafin ya zauna a jaka.

Da ka isa, ka fara zuwa gaida mai unguwa, ka faɗa masa abin da ya kawo ka ba ɓoye-ɓoye, in ya ce a'a ka yi godiya ka tafi. Kar ka je da damina tsakiyar noma, babu mai lokacinka, ka bari sai an gama girbi, da daddare bayan an ci tuwo. Wajen mata kuwa 'yan zumuntar mata ne za su shiga cikin gida, kai ka tsaya a zaure.

Ka zaɓi labari gajere, wanda ba zai wuce minti 4 ko 5 ba. Misalin mai shuki a Markus sura 4, wanda irinsa ya faɗa a kan hanya, kan dutse, cikin ƙaya da kuma ƙasa mai kyau, ya dace da manoma sosai. Ka karanta shi har ya zauna, ka faɗa wa matarka ko wani ɗan'uwa yana riƙe da littafin yana duba inda ka tsallake da inda ka ƙara gishiri, don ƙarin nan shi ne babban haɗari, baki yana da zaƙi. Kuma kar ka buɗe da "ga ta nan ga ta nanku", za a ɗauka tatsuniyar gizo ce, ka ce wannan labari daga Maganar Allah yake, in ka gama ka ce nan ya ƙare, don a raba shi da naka bayanin.

Sai ka yi shiru ka bar su. Nan ne yawancinmu muke kasawa, wa'azi na cin mu. Wani dattijo zai ce, ɗana, wane irin manomi ne ke zubar da iri a kan hanya, mu da sungumi muke sara, mu jefa gero mu rufe da diddige. Kar ka yi saurin gyara shi, ka tambaye shi yadda ake yafa acca ko alkama, da bakinsa zai gano yadda wani irin ya faɗa kan dutse wani cikin ƙaya, daga nan ka ce to Baba, zuciyar mutum fa, wace irin ƙasa ce? Hirar da za ta biyo baya ta fi wa'azin awa guda.

Kafin a watse a samu mutum 2 ko 3 su maimaita labarin, sauran suna gyara musu, in akwai zabiya ta mai da shi waƙa. Ka ɗauki muryarsu a waya ka tura wa masu memori. Kar ka zagi addinin kowa, Musulmi ne ko Bamaguje, kuma kar ka haɗa labarin da rabon gishiri ko sabulu, in za ka taimaka ka ware masa wata rana. Mako mai zuwa ka fara da tambayar wa ya faɗa wa wani labarin, in babu ko ɗaya ka sake ba da shi, kar ka wuce zuwa sabo.