Yadda Ake Gane Daskarewar Jini a Cikin Ƙoƙon Kan Mai Jego

A cikin ƙoƙon kai akwai manyan jijiyoyin da ke kwashe jinin da ƙwaƙwalwa ta gama amfani da shi. Wani lokaci jini yakan daskare a ɗayansu ya toshe ta, sai matsi ya ƙaru a cikin kai. Ba kasafai ake samun wannan ciwo ba, amma mai jego tana cikin waɗanda ya fi kamawa, musamman a makonni 6 na farko, domin a lokacin jininta ya fi saurin daskarewa. Ƙarancin ruwa a jiki da ƙarancin jini suna ƙara haɗarin, don haka mai wankan jego a zafin Afrilu na Kano ta yawaita shan ruwa.

Mai kula da ita, mahaifiya ce ko miji, ya fara lura da ciwon kai. Wanda ake jin tsoro shi ne sabon ciwo mai tsanani da ke ƙaruwa kullum, farasitamol ba ya kwantar da shi, kuma yakan fi tsananta idan ta kwanta. Idan ya haɗu da amai, ko gani dishi-dishi, ko harɗewar harshe, ko mutuwar hannu, ko jijjiga, to kada a ce rashin barci ne ko iska, kuma kada a jira a gama arba'in. A nan ne yawanci ake yin sake.

Idan tana jijjiga, a kwantar da ita a gefenta, kada a cusa mata cokali ko a ɗura mata ruwa. A wuce da ita sashen gaggawa na babban asibiti, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, tare da katin awo, a faɗa wa likita ranar haihuwa da magungunan da take sha.

Za a auna hawan jini da fitsari, saboda jijjigar haihuwa tana kama da wannan ciwo. Hoton CT (hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka) na yau da kullum yana iya fitowa lafiya kalau alhali toshewar tana nan, shi ya sa likita kan nemi hoton jijiyoyin kansu ta CT ko MRI (wata na'urar ɗaukar hoton cikin jiki).

Ana fara magani da allurar heparin mai hana daskarewar jini, sannan ƙwayoyi masu irin wannan aiki kamar warfarin na tsawon watanni 3 zuwa 12 tare da gwajin jini a kai a kai. Duka biyun ba sa hana shayarwa. Kafin ta fara shan ƙwayar tazarar haihuwa kuwa, lallai ta sanar da likita cewa ta taɓa yin wannan ciwo, domin wasu nau'o'inta suna iya dawo da shi.