Ciwon Dasashi: Abin Da Sabon Zuwa Ingila Ya Kamata Ya Sani

Yawancinmu ba ma zuwa wurin likitan haƙori sai ciwo ya hana mu barci, kuma wannan ɗabi'a ce nake roƙon ku bari tun daga makonku na farko a nan, domin ciwon dasashi ba ya fara da zafi. Alamarsa ta farko ita ce ɗan jinin da za ku gani a kan buroshi ko cikin kumfar da kuka tofar da safe, wanda da yawa ke ɗauka cewa sun dirje baki da ƙarfi ne kawai.

Matakin farko shi ne kumburin dasashi, wanda za ku ji likita ya kira jinjibaitis. Wata dauɗa mai yauƙi, cike da ƙwayoyin cuta, ita ce ke taruwa a gindin haƙora, idan ba a cire ta ba sai ta daskare ta yi tauri, har buroshi da aswaki su kasa ɓamɓare ta. Dasashi ya yi ja, ya kumbura, baki ya riƙa wari. A wannan mataki ana warkewa sarai. Idan aka bar shi kuwa, yakan iya zama feriyodontaitis, inda dasashi ke janyewa daga jikin haƙori, rami ya samu a tsakaninsu, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya fara zaizayewa, har haƙori ya soma girgiɗi. Likita kan zura wani siririn ƙarfe ya auna zurfin ramin. Milimita 1 zuwa 3 lafiya ce, daga 4 zuwa sama kuma akwai matsala. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa, abin da ake iya yi shi ne a tsayar da ɓarnar.

Shan sigari da shisha na kan gaba cikin abubuwan da ke ta'azzara shi, kuma taba tana rage zubar jinin, ta yadda mai shan ta zai zaci lafiyarsa ƙalau. Ciwon suga da ba a kula da shi, juna biyu, da wasu magungunan hawan jini irin su amlodifin, duk suna taɓa dasashi, don haka ku faɗa wa likita duk maganin da kuke sha.

Likitan unguwa da kuka yi rajista da shi ba ya duba haƙori, dole ku nemi asibitin haƙori daban, kuma samun wanda ke karɓar sababbin mutane a ƙarƙashin NHS, wato hukumar kula da lafiya ta gwamnati, yakan ɗauki watanni, shi ya sa nake cewa ku fara nema kafin ku buƙata. Kuɗin lafiyar da kuka biya lokacin neman biza bai haɗa da aikin haƙori ba, amma yara 'yan ƙasa da shekara 18, da mata masu ciki, da waɗanda suka haihu cikin wata 12 da suka wuce, ba sa biya a ƙarƙashin NHS. Idan fuska ta kumbura ko ciwo ya tsananta, ku kira 111, lambar wayar NHS ta neman taimakon lafiya cikin gaggawa.

Aswaki yana da amfani, kada ku yar da shi, sai dai ba ya shiga tsakanin haƙora yadda ya kamata. Ku goge baki sau biyu a rana, minti biyu kowane karo, da man da ke da fulorayid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, ku tofar ba tare da kurkurewa ba, sannan ku yi sakace da zaren haƙori ko ƙananan buroshin da ake sayarwa a kantin magani. Kwanakin farko jinin zai iya ƙaruwa, ku ci gaba. Idan mako biyu ya wuce bai tsaya ba, ku je a duba ku.