Daga rumfar kasuwa zuwa kujerar mer har majalisa: yadda ake bin hanyar a Kamaru

Alhajina in kai ɗan kasuwa ne a Garwa ko Marwa ko Gaundare kuma ƴan unguwa sun fara zuwa shago suna ce maka ka fito takarar mer, wato magajin gari, to tsaya tukuna kafin ka fara zuba kuɗi.

Da farko dai ka sani talakawa ba sa zaɓen mer kai tsaye, konseye, wato kansiloli, suke zaɓa, jeri guda na jam'iyya, sai su konseyen su zauna su fidda mer da mataimakansa daga cikinsu. Kenan dole sunanka ya shiga jerin wata jam'iyya, RDPC ce ko UNDP ko FSNC ko wata, don ba a tsayawa haka nan ba jam'iyya. Jerin da ya samu fiye da rabin ƙuri'u shi ke kwashe kujerun duka. Saboda haka mutanen da kuke jeri ɗaya da su ka riƙe su hannu bibbiyu tun yau, kuma jerin ya haɗa kowa, Fulani da Hausawa da sauran ƙabilun garin da mata, doka ma haka ta ce.

Sai takardu. Ka cika shekara 23, sunanka na cikin rajistar ELECAM, wato hukumar zaɓe, takardar haihuwa, takardar kotu mai nuna ba ka da laifi, takardar haraji, da kuɗin ajiya sefa 50,000. Sannan dole ka iya karatu da rubutu da Faransanci ko Ingilishi, wannan wallahi shi ke damuna don muna da dattawa masu hankali da amana, sun sauke Alƙur'ani, lissafin dukiya mai yawa a kansu yake, amma boko ya tare musu hanya. In haka kake ba abin kunya ba ne, ka ɗauki malami ya riƙa zuwa gida bayan isha'i, shekara guda kawai za ka ga bambanci.

Kasuwarka fa? Tun kafin kamfe ka damƙa ta a hannun wanda ka yarda da shi, a ƙirga kaya a rubuta gaban shaidu, ka ware abin da za ka iya kashewa ka tsaya a nan. Maigidan da na yi wa yaron shago bai yi haka ba, kullum daga aljihun shago ake ɗiban na shayi da man babur da zannuwan mata, kafin a je zaɓe jari ya karye, har yau in na tuna raina na ɓaci.

In Allah ya ba ka kujerar, shekara 5 ce, kuma baitulmalin meri, wato ƙaramar hukumar da mer ke shugabanta, ba durowar shagonka ba ce. Konseye ke amincewa da kasafi, perefe, wakilin gwamnati a yankin, na duba shi, kai ka sa hannu amma resebar, wato ma'ajin meri, ne ke fidda kuɗin. Ka koyi yadda ake haɗa dosiye, wato takardun neman kuɗin aiki, a kai FEICOM, asusun da ke tallafa wa ƙananan hukumomi, don nan ake samun kuɗin manyan ayyuka. Kwangila kuwa kada ka ba kamfaninka ko na ƙaninka ko da su suka fi araha, magana za ta biyo baya. Ka fara da abin da ido ke gani, foraj (rijiyar burtsatse), rumfunan kasuwa, magudanan ruwa kafin damina, sannan takardar haihuwa ta yara, don yaran ƙauye da yawa sai sun zo jarrabawar CEP ta gama firamare ake gane ba su da ita, kuma rajistar haihuwa aikin meri ne.

To sai depite, wato ɗan majalisar ƙasa. Kujeru 180 ne a majalisar ƙasa, kuɗin ajiya sefa miliyan 1, kuma ba ka haɗa ta da kujerar mer, ɗaya za ka ɗauka. Mazaɓar ta fi meri faɗi nesa ba kusa ba, saboda haka tun kana mer ka riƙa zuwa gaisuwar mutuwa da suna a garuruwan maƙwabta, ka gaida lamido da jauro da limamai. Majalisa na zama sau uku a shekara, Maris da Yuni da Nuwamba, kusan wata guda kowanne kana Yawunde, don haka ka bar ofis buɗe a gida da mutum mai haƙuri da littafi yana rubuta koken duk wanda ya zo, kana dawowa ka fara da shi.